Gizo da Ranar Ƙirga Kawuna

Ga ta nan, ga ta nanku.

Gizo ne da matarsa Ƙoƙi. Wata shekara yunwa ta matsa musu, suka ɗaure 'yan komatsansu suka bar gida. Kada ku tambaye ni wanda ya ba su biza. Gizo ne fa. Kwanci tashi sai ga su a Amurka, can tsakiyar ƙasar inda gonakin masara ba su da iyaka, a wani ɗan gari da kowa ke cin abinci daga masana'anta guda.

A garin akwai makaranta ta shekara biyu, irin wadda ake kira kwalejin gari. Ƙofarta ba sakata. Duk wanda ya gama sakandare sai ya shiga, ba tankaɗe ba rairaya. A farashin 'yan shekarun nan kuɗinta kusan dala 4,000 ne a shekara. Jami'ar Zaki da ke babban birnin jiha kuwa tana karɓar sama da 11,000, ban da ɗaki, ban da tuwo.

Irin wannan makaranta tana da asali. A 1901 aka buɗe ta farko a garin Joliet na jihar Illinois, da ɗalibai 6. Cikin waɗanda suka kawo shawarar har da shugaban Jami'ar Chicago, William Rainey Harper. Tunaninsa shi ne a riƙa sussuke yara a wani wuri shekara biyun farko, jami'a ta karɓi tsaba. In kun ce shi ne kakan Zaki, ku kuka faɗa. Abu ya yi ta yaɗo, har a shekarun 1960 kusan kowane mako sai an buɗe sabuwa. Yau sun kai wajen dubu.

To, shugaban ta wannan gari ya tsufa, ana neman magaji. Gizo ya je ya zauna a gindin bango yana saurare. Ya tambayi masinja, "Wai abincin gidan nan ta ina yake shigowa?"

Masinja ya ce, "Ta ƙofa uku. Ɗalibai su biya nasu. Mutanen gari su ba da ɗan haraji. Sauran kuma Giwa ce ke aunowa daga rumbun jiha. Akwai rana guda da take zuwa ƙirga, wasu jihohin ranar 12 da fara karatu. Kowane kai da mudunsa."

Gizo ya ce, "Kai kawai? Ba a leƙa abin da ke ciki?"

Aka ce ba a leƙawa. Kafin rana ta faɗi Gizo ya rubuta takardar neman aiki. Ya zama shugaba. Ƙoƙi kuma aka ba ta ajin dare, can bayan gini kusa da wurin ajiye motoci, inda ake koyon walda da aikin jinya.

Sa'arsa, 2008 ta zo da karayar arziki. Masana'anta ta rufe. Jaki ya zo da hular aikinsa a hannu. Ɓauna ta zo. Bushiya ta zo da 'ya'ya uku a bayan mota. Kunkuru dama yana nan, darasi ɗaya yake ɗauka kowane zango, ba ya gaggawa. Aji ya cika har ana zama a taga. Zuwa 2010 makarantun irin wannan ba su taɓa ganin cika haka ba. Giwa ta zo ta ƙirga, ta auna, ta sake aunawa.

Gizo ya sayi kwat. Ya ci bashi ya gina katafaren zaure mai gilashi, ya sa hotonsa a bakin ƙofa. Ya ce wa Ƙoƙi, "Kin ga aikin ƙwaƙwalwa."

Ƙoƙi ta ce, "Maigida, ba kiranka suka amsa ba. Rashi ne ya koro su. Ran da aiki ya dawo, ko sallama ba za su yi maka ba."

Ya ce, "Ke dai ba ki iya ganin alheri ba."

Ƙamshin hatsi ba ya ɓuya. Kura ta jiyo shi. Ta kama hayar bene a bakin babban titi, ta kafa allo, ta sa farar riga. Ta gano abin da Gizo ya yi sakaci da shi: akwai wani buhu na gwamnatin tarayya, sunansa Pell, ba makaranta ake ba ba, ɗalibi yake bi duk inda ya sa ƙafa. Mafi girmansa ya kai dala 7,395 a 2023. Bayan buhun kuma akwai bashi, shi ma a wuyan ɗalibi.

Nan fa dole a faɗi gaskiyar Kura, ba ta da ƙiwa. Jaki ya je sabunta rajista wajen Gizo. Taga ta ɗaya ta tura shi taga ta uku. Taga ta uku ta tafi cin abinci. Da ta dawo ta ce ya zo Litinin da wata takarda. Yana fita wayarsa ta yi ƙara. Kura ce. Ta gaishe shi da sunansa, ta tambayi yara, ta ce ya zo yanzu yanzu, ko dare ne ba komai. Ta ba shi kujera mai laushi da shayi. Ta nuna masa inda zai sa hannu, wuri bakwai. Kafin shayi ya huce Jaki ya zama ɗalibi, a kan ninkin ba ninkin kuɗin Gizo.

Gizo ya tsaya a tagarsa yana kallon benen Kura, yawu na zuba. Bai yi fushi da abin da take yi ba. Haushinsa dai ta riga shi.

Ana nan, a 2015 aka wayi gari da kwaɗo a ƙofar wasu manyan makarantun kuɗi, a 2016 wasu suka bi. Benen bakin titi na ciki. Jaki ya zo da safe ya tarar da takarda manne a gilashi. Kura ta yi ɓatan dabo. Ya koma gida da bashi a wuya da wata shaida da ko mai gadi ba a ɗauka da ita. Da daddare ya zagaya ta bayan gini, ya tsaya a ƙofar ajin Ƙoƙi kunnuwa a ƙasa. Ba ta ce masa komai ba. Ta miƙa masa tabarau da safar hannu.

Gizo ya ji labari ya yi tsalle. "Jaki ɗaya, ƙirga biyu!"

Sai Shaho. Shi ba shi da bene, ba shi da allo. Daga sama yake saukowa, ta cikin waya. Makarantarsa tana wata jiha mai nisa, ɗalibansa dubu ɗari da ɗoriya, ba wanda ya taɓa taka harabarta. Shaho ba macuci ba ne irin na Kura, shi dai ya san lokacin da kaji ke fitowa. Ajinsa ƙarfe biyun dare ne a kicin, bayan yara sun yi barci. Ya sure rabin iyayen garin ba tare da ya taka ƙasa ba.

Gizo ya ce, "Ni za a nuna wa saƙar yana?" Ya sa aka kwashe darussa aka zuba a intanet. Sai dai Shaho yana kashe wa talla abin da ya fi kasafin Gizo na shekara. In ka buga sunan makarantar Gizo a waya, hoton Shaho ne ke fara fitowa yana murmushi.

Sai Raƙumi. Shi ko karatu bai yi da'awa ba. Ya gina rumbun kaya a bayan gari, tsawonsa sai da mota. A 2018 ya ce dala 15 duk awa, a fara gobe. Ɓauna ta yi lissafi a bayan littafinta. Shekara biyu tana biya, ko mako guda a biya ta? Ta rufe littafin. Ta ce za ta dawo zango mai zuwa. Har yau ana ajiye mata kujera.

Duk wannan hidima Zaki yana kwance a birni, bai ko ɗaga kai ba. Tsakaninsa da Gizo akwai tsohuwar yarjejeniya: wanda ya gama shekara biyu a gari ya zo birni ya ƙarasa digiri. Zomo, wanda ya fi kowa kaifi a ajinsu, ya ɗauko damin darussan da ya ci ya nufi fada. Sarkin ƙofa ya fito da mudun Zaki. Ya auna lissafi, ya ce wannan lissafin gari ne, a sake. Ya auna tarihi, ya ce ya shiga, amma ba a layin digirinsa ba. Ya ɗaga kimiyya ya shinshina, ya ajiye gefe. Zomo ya shiga fada da kusan rabin daminsa, ya sake biyan kuɗin abin da ya riga ya sani, da farashin birni. A 2017 ofishin binciken kuɗi na majalisar ƙasar ya auna irin wannan zubewa, ya ce cikin darussa 100 da masu canza makaranta ke ɗaukowa, 43 a bakin ƙofa suke tsayawa.

Gizo ya je kai kuka. Ya faɗi ya yi gaisuwa da ɗan tsamin bakinsa, "Yanka ya daɗe, yayan nan sun wahaya."

Zaki ya yi hamma. Ya ce, "Mudu mudu ne, Gizo. Mu ma gadonsa muka yi."

Aka kawo wa Gizo abinci a akushin fada. Ya ci ya suɗe. A hanyar komawa ya manta abin da ya kai shi.

Sai annobar 2020. Aka rufe ƙofofi. Da kaka ta yi Giwa ta zo ƙirga, cikin kowane kai goma ɗaya ya ɓace. Ta auna daidai abin da ta gani, ta kaɗe mudu ta tafi. Masu bashin zauren gilashi kuwa annoba ba ta hana su zuwa ba.

Abin mamaki, yunwar ta taɓa har fada. Zaki ya leƙa ɗakunan kwanan da ya gina ya ga gadaje ba kowa. Ya sauke jarrabawar shiga. Ya ji cewa tun 2015 jihar Idaho ke aika wa 'yan ajin ƙarshe na sakandare wasiƙar an ɗauke su tun ba su nema ba, ya ce shi ma a rubuta. Ran nan sai ga manyan dawa da kansa a filin ƙwallon sakandaren garin, yana raba riguna da huluna, yana shafa kan yaran da kakansa ya ce a sussuke a wani wuri.

Gizo ya kwanta ciwo. Sai ga Dila, malamin daji, da jaka da kwamfuta. Ya ce shi mai ba da shawara ne, kuma shawara uku gare shi, kowace da farashinta. Gizo ya biya daga kuɗin gyaran rufi.

Dila ya ce, "Ta farko, ka daina zama ƙarami. A Florida tun 2001 ta St. Petersburg ta fara ba da digiri, ta gyara sunanta. Ta Miami ta bi a 2003. Kai ma kankare 'gari' daga allonka."

Gizo ya sa aka kankare. Ya tara gemun masara ya ɗaura a wuya, ya ce geza ce. Ya tsaya gaban madubi ya gwada ruri, tari ya sarƙe shi. Labari ya kai fada. Zaki da bai motsa don Zomo ba, ran nan kafin azahar yana gaban Giwa, yana cewa digiri gadon gidansu ne. Aka yi ta ja. A ƙarshe aka bar wa Gizo digiri biyu, waɗanda Zaki dama ba ya sha'awar koyarwa.

Dila ya ce, "Ta biyu, kyauta. Tennessee ta fara a 2015, duk wanda ya gama sakandare ya shiga kwalejin gari ba ko sisi. Roƙi Giwa ta yi muku haka."

Giwa ta yarda. Aka buga ganga. Kawuna suka ƙaru, Gizo ya warke. Sai dai kuɗin makaranta aka yafe, ba a yafe haya ba, ba a yafe mai ba, ba a yafe mai raino ba. Mako na shida tayar motar Bushiya ta fashe. Garin ba bas. Ta rasa aji uku a jere. Ƙoƙi ce ta lura da kujerar, ta buga waya, ta tura Jaki da tsohuwar taya a bayan a-kori-kura. Tun daga ranar ta ajiye kabad a bayan aji, da taliya da wake na gwangwani da ƙunzugun jarirai, ba ta kulle shi, ba ta kuma duba wanda ya buɗe. Gizo ya gani ya tambaya ko za a iya ƙirga masu buɗe kabad ɗin.

Dila ya ce, "Ta uku ita ce magani. Me ya sa za ka jira yara su gama sakandare, Zaki ya riga ka? Bi su can. Su ɗauki darasinka tun suna aji biyar, malaminsu ma ya koyar, kai dai sunanka a takarda."

Wannan kam ta yi wa Gizo daɗi har ya rungume Dila. Kawuna suka zubo, ƙanana ƙanana, masu sheƙi. Yanzu a faɗin ƙasar, cikin kowane ɗalibi biyar na kwalejin gari ɗaya ɗan sakandare ne. Kuɗin da suke biya kaɗan ne, wasu ba sa biyan komai, amma kai kai ne. Yaran suka ci darussa, iyaye suka sa albarka. Da suka gama sakandare suka tattara abin da suka ci a araha wajen Gizo, suka wuce ta gaban allonsa da aka kankare, suka nufi birni. Zaki ya karɓe su hannu biyu, har mudun ya ɗan faɗaɗa.

Na manta ban gaya muku ba, duk yamma in Dila ya tashi daga ofishin Gizo, fada yake wucewa da jakar nan tasa.

Ana cikin haka wata safiya Gizo ya buɗe kwamfuta ya ga abin da ya sa shi sujada. Sunaye ne ke shigowa ajin intanet, ɗari, ɗari biyu, cikin dare ɗaya. Duk sun cike takarda ba kuskure. Duk sun nemi buhun Pell. Ya kira Ƙoƙi ta zo ta ga ikon Allah.

Ƙoƙi ta duba ta ce, "Maigida, cikinsu wa ya taɓa kuka da wurin ajiye mota?"

Ya ce babu.

"Wa ya ce kakarsa ta rasu a ɗaga masa jarrabawa?"

Ya ce babu, yaran kirki ne.

Ta ce, "Ɗalibin da ba ya kawo uzuri ba mutum ba ne."

Ya ce ta fita masa daga ofis. Aji ya cika, har Kunkuru ya zo neman darasinsa ɗaya tilo aka ce ba wuri. Sababbin ɗalibai suka yi aikin makon farko, duk da kalmomi iri ɗaya. Buhu ya sauka. Washegari tsit. Fatalwa ce, irin wadda ta addabi makarantun California tun 2021. Wa ya turo su? Oho. An dai ga sawu a bayan gini, na wata mai jan ƙugu. Gizo ya share wata guda yana amsa tambayoyin masu bincike, gezarsa a aljihu.

Giwa ta gaji. Ta ce ta ji Texas ta canza mudu a 2023, ita ma ta canza. Daga yau ba kan da ya shigo za a auna wa ba, sai wanda ya fita da shaida a hannu, ko ya wuce jami'a.

Gizo ya kwana bai runtsa ba. Da asuba ya tashi da dabara biyu. Ta farko, ya ɗauki shaida guda ya yanka ta gida huɗu, kowane yanki da hatiminsa da bikinsa. Jaki kaɗai sai da ya hau dandamali sau uku a shekara ɗaya, har hular ta fara yi masa ciwon kunne. Ta biyu, ya sa kafinta ya auna ƙofa, za a sa sakata. Ya ce Kunkuru da irinsa su ne ke ɓata lissafi, shekara da shekaru ba shiga ba fita.

Kafinta ya zo ya tarar da Ƙoƙi zaune a bakin ƙofar da tabarmarta. Ta ce masa ya auna ta tare da ƙofar. Ya tattara kayansa.

Gizo ya sauko yana huci. Ta ce, "Shaida kake nema? Zo." Ta ja shi bayan gini, inda bai taka ba tun ran da ya sayi kwat. Injin walda takwas, biyu sun mutu, ɗalibai na jiran juna. Ɗakin jinya da gado huɗu da mutum-mutumin roba mai hannu ɗaya. A bango takarda ce doguwa har ƙasa, sunayen masu jiran gurbi. Asibitin gari na ɗaukar duk wanda ya fito daga ɗakin nan tun kafin tawadar shaidarsa ta bushe.

Idon Gizo ya yi ƙwal. Ya ce, "A ninka ajin gobe!"

Ƙoƙi ta ce, "Da wa? Malamar jinya ɗaya ta rage mini, ita ma asibiti ya yi mata tayin da ya fi albashinka. Doka kuma ba ta yarda malama ɗaya ta ja garke zuwa gadon majiyyaci ba. Nan kowane kai cin kuɗi yake. Zaurenka mai kujera arba'in da malamin haya guda shi ke kawo riba, shi kuma ba mai jiran gurbi a cikinsa."

Gizo ya yi lissafi da ƙafafunsa takwas. Ya sake yi. Ya ce zai kafa kwamiti.

Kwamiti bai zauna ba Giwa ta aiko. Ta ce Connecticut ta haɗe kwalejojinta 12 wuri guda a 2023, shugaba ɗaya, hatimi ɗaya, ita ma haka za ta yi. Aka sauke allon da aka kankare. Aka cire hoton bakin ƙofa. Mutanen gari suka ce shi ke nan, Gizo ya faɗi.

Ba su san Gizo ba. Mako biyu sai ga shi da jaka da kwamfuta, shi da Dila sun haɗa jari. Hajarsu guda ce, kuma ba ƙarya a cikinta: a 2007 an haifi jarirai miliyan 4.3 a Amurka, daga nan haihuwa ta yi ta ja da baya, zuwa 2023 ta koma wajen miliyan 3.6. Waɗanda aka haifa a 2008 suna cika 18 a 2026. Duk shugaban makarantar da ya ji wannan sai cikinsa ya ɗuri ruwa, ya buɗe aljihu.

Ranar wata Laraba Gizo ya ce bari ya riga kowa. Ya ɗebi takardun rajista ya nufi ɗakin haihuwa na asibitin gari. Ya tarar da layi. Zaki na gaba da 'yan ƙananan huluna. Shaho na bisa taga. Raƙumi ya turo wakili. Can ƙarshe wata ce cikin sabuwar farar riga da sabon suna, tana ta gaishe da masu jego.

Ƙofa ta buɗe, ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Bushiya ce. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce haihuwa ɗaya aka yi yau, kuma mai jego na barci, kowa ya fita. Suka fita suna ture juna. Gizo ya maƙale a silin.

Kunkuru kuwa saura masa darasi biyu. Ajin Ƙoƙi na nan ƙarfe shida na yamma, ta ƙofar baya, duk mai so ya je ya rubuta sunansa a takardar bango.

Ƙurunƙus kan kusu. Ba don Gizo ba da na yi muku ƙarya. Alƙaluman dai ba nasa ba ne, mai shakka ya je ya ƙirga.